Faɗuwar Jam'iyyar Conservative a Zaɓen Birtaniya na 1945

Zaɓen gama-gari na Birtaniya na shekarar 1945 shi ne zaɓen da jam'iyyar Conservative, ta masu ra'ayin mazan jiya, ta sha mummunan kaye a hannun jam'iyyar Leba, alhali shugabanta, Firaminista Winston Churchill, yana kan ganiyar farin jininsa, wata biyu kacal bayan Jamus ta miƙa wuya a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda a ƙasar Hausa aka fi sani da Yaƙin Hitila. An kaɗa ƙuri'a ranar 5 ga Yuli, aka bayyana sakamako ranar 26 ga watan. Daga cikin kujeru 640 na Majalisar Wakilai, Leba ta lashe 393, Conservative ta tsira da 197, ko kuma tsakanin 210 da 213 idan an haɗa da ƙananan jam'iyyun da ke ƙawance da ita, gwargwadon yadda kowane mai ƙirga ya lissafa su. Jam'iyyar Liberal ta samu 12. Wannan ne karo na farko da Leba ta samu rinjaye ita kaɗai, domin gwamnatocin da Ramsay MacDonald ya kafa a 1924 da 1929 duk marasa rinjaye ne.

Tushen al'amarin

Tun daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918 har zuwa 1945, Conservative ce ke riƙe da akalar mulki, ko ita kaɗai ko a cikin gwamnatin haɗin gwiwa, in ban da 'yan shekarun nan na MacDonald. A zaɓen Nuwamba 1935, wanda shi ne na ƙarshe kafin yaƙi, ɓangaren Firaminista Stanley Baldwin na Conservative ya samu fiye da kujeru 420, Leba kuwa 154. Saboda haka duk abin da ya sami talakan Birtaniya a tsakanin yaƙe-yaƙen biyu, a wuyan wannan jam'iyya aka rataya shi.

Abin da ya same shi kuwa ba kaɗan ba ne. A farkon shekarun 1930 yawan marasa aikin yi ya kusa kai miliyan uku, kuma masifar ta fi tsanani a yankunan haƙar kwal da ƙera jiragen ruwa da masaƙu, wato kudancin Wales da arewacin Ingila da wasu sassan Sikotilan. Wanda tallafinsa na rashin aiki ya ƙare, sai an yi masa binciken ƙwaƙwaf kafin a ƙara ba shi wani abu: jami'i ya shigo gida ya dubi kayan ɗaki, ya tambayi abin da ɗa ko 'ya ke samu, a cire shi daga abin da za a bai wa uba. Samari da dama sun bar gidajen iyayensu don kada albashinsu ya sa a yanke wa gidan tallafi. Wannan wulaƙanci ya zauna a zukatan mutane fiye da yunwar kanta. A watan Oktoba na 1936, mazaje kimanin 200 daga garin Jarrow, inda aka rufe masana'antar ƙera jiragen ruwa da garin ya dogara da ita, suka yi tattaki na kusan mil 300 zuwa Landan ɗauke da takardar koke. Baldwin bai gana da su ba. 'Yar majalisarsu da ta raka su, Ellen Wilkinson, ita ce ta zama ministar ilimi bayan zaɓen 1945.

Akwai kuma tsohon tabo na 1918, lokacin da Firaminista David Lloyd George ya yi wa sojojin da ke dawowa alkawarin gidaje masu dacewa da jarumai, alkawarin da bai cika yadda aka zata ba. 'Ya'yan waɗannan sojoji ne suka yi yaƙi na biyu, kuma sun taso suna jin labarin a bakin iyayensu.

Na uku shi ne lallaɓa Hitila. Yarjejeniyar Munich ta Satumba 1938, wadda Firaminista Neville Chamberlain na Conservative ya sa wa hannu aka bar wa Hitila wani yanki na Chekoslovakiya, ta samu karɓuwa a lokacinta, amma bayan faɗuwar Faransa a 1940 sai ta koma abin gori ga jam'iyyar. Churchill na cikin 'yan ƙalilan ɗin da suka soki wannan manufa tun da wuri, kuma wannan ya taimaka wa jama'a wajen raba shi da jam'iyyarsa a tunaninsu. Dama shi ba ɗan gida ba ne sosai: ya bar Conservative ya koma Liberal a 1904, ya yi kusan shekara ashirin a can kafin ya dawo.

Shekarun yaƙi

Ranar 10 ga Mayu 1940 Churchill ya zama firaminista a gwamnatin haɗin gwiwa da ta ƙunshi manyan jam'iyyu uku. Hankalinsa ya tattara kacokan ga fagen daga da hulɗa da Amurka da Rasha, ya bar yawancin harkokin cikin gida a hannun 'yan Leba. Ernest Bevin, shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ma'aikatan sufuri, ya zama ministan ƙwadago. Herbert Morrison ya riƙe ma'aikatar cikin gida. Clement Attlee, shugaban Leba, ya zama mataimakin firaminista daga 1942. Cikin shekara biyar mutanen da ake cewa ba su iya mulki ba suka nuna sun iya, a gaban idon kowa. Rabon abinci da kati, inda mai kuɗi da talaka ke karɓar awo ɗaya, da yadda gwamnati ta tsara masana'antu har rashin aikin yi ya kusa ɓacewa, sun sa mutane da yawa tambayar abin da zai hana a yi haka a lokacin zaman lafiya.

A watan Disamba na 1942 aka fitar da rahoton masanin tattalin arziki William Beveridge kan inshorar jama'a. Ya ambaci manyan abokan gaba biyar da ya kamata ƙasa ta yaƙa: talauci, cuta, jahilci, ƙazantar muhalli da zaman kashe wando. Mutane sun yi layi don sayen wannan takarda ta gwamnati, aka sayar da fiye da kwafi 600,000. Churchill ya yi ɗari-ɗari da ita, yana ganin ba daidai ba ne a ɗauki alkawarin kashe kuɗi kafin a san abin da zai rage a baitulmali bayan yaƙi. Hujjarsa ba ta banza ba ce, amma ga kunnen wanda ya tuna 1918 ta yi kama da share fagen saɓa alkawari. Da aka yi muhawara a majalisa a Fabrairu 1943, kusan duk 'yan majalisar Leba da ba su riƙe da muƙami suka kaɗa ƙuri'ar adawa da matsayin gwamnati.

Alamu sun bayyana ga mai son gani. Manyan jam'iyyu sun yi yarjejeniyar ba za su kara da juna a zaɓen cike gurbi ba, amma wata ƙaramar jam'iyya mai ra'ayin gurguzu, Common Wealth, ta ƙwace kujerun Conservative da ƙawayenta a Eddisbury a 1943, da Skipton a 1944, da Chelmsford a Afrilu 1945. Ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup ta riƙa nuna Leba a gaba tun daga wajajen 1943. 'Yan siyasa da 'yan jarida ba su ɗauke ta da muhimmanci ba, domin sabon abu ce a lokacin, kuma ita ce dai ke nuna cewa kimanin kashi 80 cikin ɗari na jama'a sun gamsu da Churchill a matsayin firaminista. Kusan kowa ya ɗauka cewa lamba ta biyun ce za ta yi aiki ranar zaɓe, har da shugabannin Leba da dama.

Yaƙin neman zaɓe

Churchill ya so haɗin gwiwar ta ci gaba har a gama da Japan, amma taron Leba da aka yi a Blackpool a watan Mayu ya ƙi. Ya yi murabus ranar 23 ga Mayu, ya kafa gwamnatin riƙon ƙwarya. Conservative ta gina kamfen ɗinta kan mutum ɗaya: hotonsa ne a allunan talla, da kira ga jama'a su taimake shi ya ƙarasa aiki. Leba ta zo da jerin abubuwa da ake iya ƙirgawa, wato gidaje, aikin yi ga kowa, kiwon lafiya kyauta, da mayar da ma'adinan kwal da jiragen ƙasa da wutar lantarki da Babban Bankin Ingila hannun gwamnati. Batun gidaje shi ne kan gaba a bakin masu zaɓe, domin bama-bamai sun rushe dubban ɗaruruwan gidaje, kuma an yi shekara shida ba a gini.

Ranar 4 ga Yuni, a jawabinsa na farko ta rediyo, Churchill ya ce gwamnatin gurguzu ba za ta iya tafiya ba sai ta nemi taimakon wani abu mai kama da Gestapo, 'yan sandan asirin Hitila. Matarsa Clementine ta roƙe shi ya cire wannan jimla, bai cire ba. Maganar ta zo ne 'yan makonni bayan an ga hotunan sansanonin mutuwa na Jamus, kuma mutanen da yake nufi su ne waɗanda ya zauna da su a majalisar zartarwa shekara biyar. Washegari Attlee ya mayar da martani cikin natsuwa: ya gode wa Churchill da ya nuna wa jama'a bambancin da ke tsakanin jagoran ƙasa a yaƙi da shugaban jam'iyya, ya ƙara da cewa murya ta Churchill ce, amma tunanin na Lord Beaverbrook ne, mai jaridar Daily Express. Ƙoƙarin da aka yi daga baya na nuna cewa Harold Laski, shugaban kwamitin zartarwar Leba, shi zai riƙa juya Attlee daga bayan fage, bai yi tasiri ba.

Duk inda Churchill ya bi jama'a sun fito suna yi masa tafi, kuma ya ɗauki tafin a matsayin ƙuri'a. A filin wasa na Walthamstow a Landan, kwana biyu kafin zaɓe, wani ɓangare na taron ya yi masa ihu.

Sakamako

An rufe akwatunan zaɓe aka ajiye su mako uku don a jira ƙuri'un sojojin da ke ƙasashen waje. Wasu mazaɓu na arewa ma sai ranar 12 da 19 ga Yuli suka yi zaɓe saboda hutun masana'antu. A wannan tsakani Churchill ya tafi taron Potsdam a Jamus da Stalin na Rasha da Truman na Amurka, tare da Attlee a tawagarsa, suka dawo ranar 25 ga wata. Kafin azahar ɗin ranar 26 an san inda aka dosa. Leba ta samu ƙuri'u kusan miliyan 12, kimanin kashi 48 cikin ɗari, kuma tsarin zaɓen Birtaniya, inda mai rinjaye a mazaɓa ke kwashe kujera, ya mayar da wannan kaso fiye da kashi 60 na kujeru.

Manya sun zube. Harold Macmillan ya rasa Stockton, Brendan Bracken da Leo Amery da Duncan Sandys, surukin Churchill, duk sun faɗi, haka ma ɗansa Randolph a Preston. Birmingham, garin iyalan Chamberlain, inda Conservative ta kwashe dukkan kujeru a 1935, ta bai wa Leba goma cikin goma sha uku. A mazaɓar Churchill ta Woodford manyan jam'iyyu ba su tsayar da kowa ba don girmama shi, amma wani ɗan takara mai zaman kansa da ba a san shi ba ya samu fiye da ƙuri'u 10,000. Guguwar ba ta bar Liberal ba: shugabanta Archibald Sinclair ya faɗi, shi kansa Beveridge ya rasa kujerarsa ta Berwick.

Da maraicen ranar Churchill ya kai wa Sarki George na Shida takardar murabus, yana ɗan shekara 70. Jim kaɗan Attlee ya iso fada cikin ƙaramar motarsu, matarsa Violet na tuƙi. Bayan kwana biyu ya koma Potsdam a matsayin firaminista, tare da Bevin, sabon ministan harkokin waje.

Saɓanin masana

Wasu 'yan Conservative sun ɗora laifin kan sashen wayar da kan sojoji da aka kafa a 1941, suna cewa ya cusa musu ra'ayin gurguzu. Yawancin masana tarihi na ganin ƙuri'un sojoji sun karkata ga Leba amma ba su kai su sauya sakamako ba. Akan kuma ambaci lalacewar rassan jam'iyyar a lokacin yaƙi. Game da ɗora laifin kan jawabin Gestapo kuwa, ƙuri'ar jin ra'ayi ta nuna tazarar Leba raguwa ta yi a lokacin kamfen.

Bayan faɗuwar

Gwamnatin Attlee ta kafa hukumar kiwon lafiya ta ƙasa a Yuli 1948, ta karɓi ma'adinan kwal a 1947 da jiragen ƙasa a 1948, ta bai wa Indiya da Pakistan 'yanci a Agusta 1947. Dubban sojojin Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82, waɗanda Hausawa ke da yawa a cikinsu, suna Bama da Indiya lokacin da aka yi wannan zaɓe, ba su da ƙuri'a a cikinsa, ko da yake shi ya sauya masu riƙe da Ofishin Mulkin Mallaka. Arthur Creech Jones ya karɓi ofishin a 1946.

Conservative ta sake gini ƙarƙashin Lord Woolton, wanda ya farfaɗo da rassa da asusun jam'iyya, da R. A. Butler, wanda ya jagoranci sabunta manufofi har jam'iyyar ta amince da mafi yawan tsarin jin daɗin jama'a da Leba ta shimfiɗa. A zaɓen Fabrairu 1950 rinjayen Leba ya ragu zuwa kujeru biyar. A Oktoba 1951 Churchill ya dawo mulki da rinjayen kujeru 17, duk da cewa Leba ta fi Conservative yawan ƙuri'u a faɗin ƙasar.