Masaukin Sarauniya Margherita na Dutsen Monte Rosa

Masaukin Sarauniya Margherita, wanda Italiyawa ke kira Capanna Regina Margherita, gidan kwana ne na masu hawan dutse da ke kan ƙololuwar Punta Gnifetti a jerin duwatsun Monte Rosa, daf da iyakar Italiya da Suwizalan. Yana da nisan mita 4,554 daga matakin teku, kuma duk faɗin Turai babu wani gini da ya kai shi bisa. Ƙungiyar masu hawan dutse ta Italiya, wato CAI, ita ta mallake shi, reshenta na garin Varallo kuma shi ke kula da shi. Ƙololuwar ta samo sunanta ne daga Giovanni Gnifetti, limamin cocin ƙauyen Alagna, wanda ya fara taka ta a 1842.

An gina masaukin farko a 1893. A can ƙasa aka sassaƙa katakon, alfadarai suka ɗauko shi iya inda za su iya, sannan 'yan dako suka ƙarasa da shi a kafaɗa. Sarauniya Margherita, matar Sarkin Italiya Umberto na Ɗaya, da kanta ta hau ta kwana a ciki a watan Agusta na shekarar, kuma sunanta aka raɗa masa. A 1980 aka buɗe ginin da ke tsaye yanzu, na katako da aka lulluɓe da jan ƙarfe, mai ɗaukar mutum 70.

Yawancin baƙi suna tasowa daga ƙauyen Alagna ko na Gressoney, su shiga motar da ke tafiya rataye a igiyar ƙarfe zuwa tashar Punta Indren da ke kan dutsen, su kwana a masaukin Gnifetti mai mita 3,647. Tun kafin gari ya waye ake fita, da fitila a goshi, domin a ratsa shimfiɗar ƙanƙarar Lys kafin rana ta sassauta ta. Tafiyar awa huɗu ce zuwa biyar. Hanyar ba ta da tsauri sosai, amma cike take da tsagogi masu zurfi waɗanda dusar ƙanƙara ke rufe wa baki, don haka matafiya kan ɗaure juna da igiya ɗaya, kowa da haƙoran ƙarfe a ƙasan takalminsa. Wanda bai saba ba, gara ya ɗauki jagora.

Isa ba shi ne wuyar ba, kwanan ne. A wannan bisa, iskar oksijin da ke shiga ƙirji a kowane numfashi ba ta kai kashi 60 cikin 100 na wadda ake samu a bakin teku ba. Mutum zai sunkuya ya ɗaura igiyar takalmi, ya ɗago yana haki kamar wanda ya yi gudu. Da dare kai ya ɗau sara, abinci ya fita rai, barci ya ƙi zuwa. Idan abin ya tsananta, maganinsa a sauka kawai. Wannan wahalar ce ta mai da gidan wurin bincike: masanin aikin jiki Angelo Mosso na Torino ya kawo sojoji a 1894 yana auna numfashinsu da bugun zuciyarsu, kuma har yau likitoci na zuwa nazarin ciwon hawan dutse a nan.

Ana buɗe masaukin ne da bazarar Turai, daga Yuni zuwa Satumba, kuma sai an kama wuri tun da wuri. Ruwa daga ƙanƙarar da aka narkar ake samunsa, don haka babu zancen wanka. Kayan abinci kuwa jirgi mai saukar ungulu ke kawowa. Sauran watanni akan bar ɗaki guda a buɗe saboda masu zuwa da hunturu.