Yawon buɗe ido a sararin samaniya: kuɗinsu ne, amma saman fa?

Wai yaushe aka fara sayar da kujerar zuwa sama?

Tun 2001, da wani attajirin Amurka Dennis Tito ya biya kusan dala miliyan 20 Rasha ta kai shi tashar sararin samaniya. Abin ya kankama ne a Yulin 2021, attajiri Richard Branson ya tashi ran 11, attajiri Jeff Bezos ya bi bayansa ran 20.

To ai kuɗinsu ne, ina ruwan wani?

Gaskiya wannan maganar tana da ƙarfi, kuma kamfanoni irin su SpaceX sun rage tsadar harba roka tunda suna dawo da ita su sake amfani da ita. Amma ba aljihunsu kaɗai abin ya shafa ba. Rokar da ke ƙona kananzir tana barin baƙin hayaƙi can sama inda ruwan sama ba ya kaiwa balle ya wanke shi, sai ya yi shekaru a wurin, kuma iskar nan ta kowa ce har da wanda ko jirgin sama bai taɓa shiga ba.

In aka yi haɗari fa?

Ai an riga an yi. Ran 31 ga Oktoba 2014 jirgin Virgin Galactic, kamfanin Branson, ya tarwatse wajen gwaji a hamadar Mojave, mataimakin matuƙi ya rasu. Nan ne abin ya fi damuna. Wata dokar Amurka ta 2004 ta dakatar da hukumar kula da jiragen sama ta ƙasar, FAA, daga kafa ƙa'idojin kare lafiyar fasinja, wai sai masana'antar ta girma tukuna, aka yi ta ƙara wa'adin. Fasinja dai za a gaya masa haɗarin ya sa hannu cewa ya yarda. To amma wa ya san haɗarin ciki da waje? Kamfanin da ke son sayar masa da tikitin. Yarda irin wannan ni ban ga ta cika ba.

Saman na waye a doka?

Yarjejeniyar ƙasashen duniya kan sararin samaniya ta 1967 ta ce babu ƙasar da za ta mallaki duniyar wata ko sauran duniyoyi, kuma duk abin da kamfani ya yi a can alhakin yana wuyan ƙasarsa. Sai ga shi a 2015 Amurka ta yi doka cewa kamfanoninta za su iya mallakar ma'adinan da suka haƙo a can, alhali yawancin ƙasashen duniya ko rokar kaiwa ba su da ita, kuma ba a nemi jin ta bakinsu ba.