Sayen makamai cikin gaggawa: wa ke sa ido?

Tambayoyin nan sun taso ne a majalisar yamma a wani ƙauye kusa da Ringim, bayan an saurari labarin kuɗin makamai a rediyo.

Me ake nufi da gaggauta gwaji da raba kayan soja?

A Amurka sabon makami yakan kwashe shekara goma ko fiye kafin ya shiga hannun soja. Shi ya sa sashe na 804 na dokar tsaro ta shekarar kuɗi ta 2016 ya buɗe gajeriyar hanya mai rassa biyu: ko a ƙera samfurin gwaji a nuna aikinsa cikin shekara 5, ko kuwa, idan fasahar ta riga ta nuna, a fara ƙerawa cikin wata 6 a gama raba wa dakaru cikin shekara 5. Manomin fadama ma idan ya samu sabon irin shinkafa yakan fara da fangali ɗaya kafin ya zuba shi a gona duka.

To, ina matsalar take?

Domin a yi sauri, an ɗauke wa irin waɗannan ayyuka takardu da matakan amincewa da yawa, alhali a cikinsu ne mai bincike yake ganin inda kuɗi ya bi. A 2023 GAO, ofishin da ke bincika wa majalisar dokokin Amurka yadda ake kashe kuɗin gwamnati, ya ce bayanan da ake tarawa a kan ayyukan ba abin dogaro ba ne. Tabaran yaƙi na IVAS, mai nuna wa soja bayanai a gaban idonsa, ya isa misali. An ba Microsoft kwangilarsa a 2021, wadda za ta iya kaiwa kusan dala biliyan 22, amma sojojin da suka gwada shi suka koka da ciwon kai da tashin zuciya da gajiyar ido, har majalisa ta hana kuɗin sayen ƙarin dubbai. A ganina nan gwajin ya yi amfaninsa, tunda an ji ta bakin mai sa tabaran.

Najeriya fa?

Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ba ta hawa kan kayan tsaro na musamman sai da amincewar Shugaban Ƙasa, don haka nauyin ya koma kan kwamitocin tsaro na Majalisar Tarayya da Babban Mai Binciken Kuɗi. Ita majalisar ma akan tsallake ta. A 2018 an cire dala miliyan 496 daga asusun rarar mai don sayen jiragen yaƙi na Super Tucano 12 kafin ta amince, jiragen kuma suka iso a 2021.