Stephen Keshi

Stephen Okechukwu Keshi (1962–2016) ɗan wasan ƙwallon ƙafa ne ɗan Najeriya wanda daga baya ya zama koci. Asalinsa garin Illah ne a jihar Delta, kuma an fi saninsa da laƙabin "Big Boss". Shi ne mutum na biyu a tarihi da ya ci Kofin Ƙasashen Afirka yana ɗan wasa sannan ya sake ci yana koci, bayan Mahmoud El-Gohary na Masar.

Ɗan baya ne mai tsaron tsakiya. Ya fara da ACB ta Legas, ya koma New Nigeria Bank ta Benin, inda suka ɗauki kofin WAFU, na ƙungiyoyin Afirka ta Yamma, a 1983 da 1984. Dakatarwar da hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta yi masa, bisa makarar shiga sansanin horo, ita ta kora shi Kwaddibuwa, ya buga wa Stade d'Abidjan da Africa Sports. Daga nan ya tsallaka Beljiyam a 1986, ya fara da Lokeren, sannan Anderlecht wadda ya ci gasar ƙasar da ita a 1991, kafin ya wuce Strasbourg ta Faransa. Zamansa a Beljiyam ya buɗe wa 'yan Najeriya da dama ƙofar Turai, domin bayansa suka riƙa bi.

Ya buga wa Najeriya wasa fiye da 60. Yana kyaftin aka ci Kofin Afirka na 1994 a Tunisiya, bayan doke Zambiya 2–1, kodayake rauni ya hana shi buga yawancin wasannin gasar.

A Togo sunansa na koci ya fito. Ya karɓi tawagar a 2004, ya kai ta Kofin Duniya na 2006 karo na farko, bayan ta sha gaban Senegal a rukunin share fage. Sai dai bai ci moriyar wahalarsa ba: Togo ta sha kashi a wasanninta uku na Kofin Afirka a Masar, ga saɓani da ɗan wasanta Emmanuel Adebayor, aka sallame shi aka ɗauko Bajamushe Otto Pfister. Ya riƙe Mali daga 2008 zuwa 2010.

A ƙarshen 2011 aka ba shi Super Eagles. Abin da ya fi jawo masa surutu shi ne ajiye wasu fitattun 'yan wasa da ke Turai tare da gayyato yaran da ke buga gasar cikin gida, waɗanda a da ba a ko kallonsu. Ɗaya daga cikinsu, Sunday Mba, shi ya ci ƙwallon da ta fitar da Kwaddibuwa a zagayen kwata-fainal na Kofin Afirka na 2013, kuma shi ya zura ɗaya tilo a ragar Burkina Faso a wasan ƙarshe a Johannesburg. Washegari Keshi ya ce ya ajiye aiki, aka lallashe shi ya dawo.

A Kofin Duniya na 2014 a Brazil ya kai Najeriya zagaye na biyu, Faransa ta cire ta da ci 2–0. Tsakaninsa da hukumar ƙwallo dai ba a taɓa jituwa sosai ba, an sha takaddama kan albashi da kwantiragi, har aka kore shi a Yulin 2015.

Ya rasu a birnin Benin a watan Yunin 2016, watanni kaɗan bayan rasuwar matarsa. Filin wasa na Asaba yana ɗauke da sunansa.