Kalmomin Harshen Haida na Kayan Gargajiya da Kayan Sana'a

Haida al'umma ce da ke zaune a tsibiran Haida Gwaii, a gaɓar tekun Fasifik ta lardin Biritish Kolumbiya a Kanada, da kuma kudancin tsibirin Prince of Wales a jihar Alaska ta Amurka. Ba a tabbatar wa harshensu dangi ko ɗaya ba a cikin harsunan duniya. Karin harshensa manya biyu ne: na kudu, X̱aayda Kil, a garin Skidegate, da na arewa, X̱aad Kíl, a Old Massett, wanda reshensa ya kai Hydaburg da Kasaan a Alaska. Annobar agana ta 1862 ta kusa ƙarar da jama'ar. Makarantun kwana sun raba yara da harshen, dokar Kanada kuma ta haramta bikin rabon dukiya daga 1885 zuwa 1951. Yau waɗanda suka tashi da harshen tun daga nono tsiraru ne, kusan dukansu dattawa. Kalmomin da ke wannan maƙala yawancinsu na karin arewa ne, an kawo na kudu inda bambancin ya fito fili.

Yadda ake karanta kalmomin

Bahaushe yana da sa'a a nan, domin harshen Haida cike yake da baƙaƙen tunkuɗau. Abin da suke rubutawa k' shi ne kusan ƙ ɗinmu, ts' kuma kusan ts na "tsuntsu". Baƙin da aka ja wa layi a ƙasa, wato ḵ, g̱ da x̱, daga can cikin maƙogwaro ake furta shi. Ana furta hl ne da harshe a mazaunin l, a fesa iska ta gefensa ba tare da murya ba. Alamar da ke kan wasali, kamar ú, tana nuna karin sama a rubutun arewa, mutanen Skidegate kuwa ba sa sa ta. A wasu littattafai lamba 7 tana tsayawa a madadin hamza.

Suna kuma yana sauya sura idan ana nufin sanannen abu, galibi da ɗafa-ƙeya -aay. Tlúu kwalekwale ne, tluwáay kwalekwalen. Na gida ne, náay gidan. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka kalmomi biyu ne dabam.

Ts'úu da abin da ke fita daga jikinsa

Ts'úu jan al'ul ne, itacen da rabin sana'ar Haida ke kansa. Ba shi da nauyi, yana tsagewa a miƙe, kuma ruɓa ba ta kama shi da wuri duk da ruwan saman da ba ya yankewa a tsibiran. Ɗan'uwansa mai ruwan ɗorawa shi ne sg̱ahláan. Ƙwayar itacensa ta fi matsewa, don haka ya fi dacewa da sassaƙa mai ƙananan zane, ɓawonsa kuma ya fi laushi a jiki.

Ana ɓare ɓawon ne daga ƙarshen bazararsu, wato lokacin da ke bin hunturu, zuwa farkon lokacin zafinsu, sa'ad da ruwan itacen ke gudana. A tsaga shi a kwance kusa da gindi, faɗin tafin hannu biyu ko ƙasa da haka, a kama a ja sama ana ja da baya, sai ya taso dogon zare guda. Ba a zagaye itacen, domin yin haka kashe shi ne. Nan take ake raba ɓawon waje mai kaushi da na ciki, don idan ya sha iska sai su manne. A naɗe na cikin, a shanya a inuwa wata da watanni, a jiƙa kafin aiki. Wanda aka ajiye da danshi yakan yi funfuna ya yi baƙi. Da shi ake saƙa tabarma, lagúus, da igiya da mayafin ruwan sama.

Tlúu daga gungume guda ake sassaƙa shi, kuma wurin da gwaninta ke bayyana shi ne kaurin bango. Masassaƙi yakan huda ƙananan ramuka a jikin gungumen daga waje, ya cusa turaku masu tsawon da ya auna. Idan yana rarake cikin da gizago ya ci karo da kan turke, ya san ya kai. Daga nan a zuba ruwa a ciki, a jefa duwatsun da aka gasa suka yi ja, a rufe da tabarmi. Tururi ya sassauta itacen, sai a riƙa buɗa bakin a hankali da sanduna, kowace ta ɗara ta baya tsawo. Bango mai kauri a nan da siranta a can ba ya buɗuwa daidai, sai ya dare, aikin watanni ya tafi. Filafilin tuƙi shi ne áal. Sanannen kwalekwalen zamani shi ne Lootaas, wato mai cinye igiyar ruwa, mai tsawon kusan mita 15, wanda aka sassaƙa a ƙarƙashin jagorancin masassaƙin Haida Bill Reid domin bajekolin Vancouver na 1986.

Akwati, g̱ud a arewa, g̱uda a kudu, dabara ce ta ban mamaki. Bangonsa huɗu katako ɗaya ne. Ana yanka kwari uku a kwance a cikin katakon, a bar siririn itace a ƙasan kowane, a turara, a lanƙwasa. Kusurwa ta huɗu kaɗai ake haɗewa da turaku ko a ɗinke da saiwa. Kwarin da ya zarce zurfi yana karyewa, wanda bai kai ba kuma yana ƙin lanƙwasuwa. Akwatin da ya yi kyau yana riƙe ruwa, har girki ake yi a ciki da gasassun duwatsu. A cikinsa ake ajiye satáw, man wani ƙaramin kifi mai kitse da Haida ke saye daga maƙwabtansu na babban yankin ƙasa da ke tsallaken teku.

Gyáa'aang, a kudu gyaag̱ang, shi ne dogon ginshiƙin sassaƙa da ke tsaye a gaban gida. Ba gunki ba ne, ba a bauta masa. Tambarin zuriya ne da tarihinta, domin kowane Bahaide yana bin ɓangaren uwarsa, ko Hankaka ko Gaggafa, kuma ba ya sassaƙa tambarin da ba shi da haƙƙinsa. A 1969 masassaƙin Haida Robert Davidson ya kafa ginshiƙi a Old Massett, na farko a garin cikin kusan shekara 90.

Hlíing, saiwar saƙa

Kíid na nufin itace, kuma shi ne sunan sifurus na gaɓar teku (spruce a Turance, dogon itace mai ganye kamar allura), a kudu kaayd. Saiwarsa ita ce hlíing. Masaƙa sun fi son wadda ta fito a rairayin bakin teku, kamar na arewacin tsibirin Graham kusa da Tow Hill, domin a yashi saiwa tana tafiya doguwa a miƙe, a cikin duwatsu kuwa sai ta yi gwiwa-gwiwa. A ranar da aka tono ta ake gasa ta sama-sama a kan wuta har ɓawon ya fara tsatsa, a zare ta tsakanin tsagaggen sanda, ɓawon ya zube. Idan wuta ta yi yawa sai ta ƙone ta yi gautsi, idan ta yi kaɗan ɓawon ya ƙi fita. Sai tsagawa: a riƙe gefe ɗaya da haƙori, a raba da yatsu, ana karkata hannu zuwa gefen da ya fi kauri don kada tsagin ya kauce. Fatar waje mai sheƙi ita ce zaren kwance da ido ke gani, ta ciki takan zama na tsaye, bargon tsakiya kuma a yar.

Da ita ake saƙa kwando, ḵigw, da malafa, dajáng, a kudu daajing. Masaƙan Haida suna saƙa kwando a kife, gindi a sama, zaren tsaye na reto ƙasa, saɓanin maƙwabtansu Tlingit. Saƙar takan matse har ta riƙe ruwa. Zobban da ake jerawa a kan malafar basarake su ne skil, alamar daraja da bukukuwan da aka yi. Malafun da Isabella Edenshaw ta saƙa, mijinta Charles Edenshaw ya zana, suna cikin mafi kyawun da suka rage a gidajen tarihi. A 2022 garin Queen Charlotte ya koma tsohon sunansa, Daajing Giids, wanda kalmar malafa ke cikinsa.

Dutse, ƙarfe da kayan biki

Hlg̱as7agaa baƙin dutse ne mai laushi da ake haƙowa a dutsen Slatechuck kusa da Skidegate, kuma Haida kaɗai ke da haƙƙin haƙarsa. An fara sassaƙa shi wajen shekarun 1820, da farko lofe ne da ake sayar wa matuƙan jiragen Turawa. Yana fitowa da danshi, idan ya bushe da gaggawa sai ya tsage bisa shimfiɗarsa, shi ya sa ake nannaɗe shi a bar shi ya bushe sannu a hankali.

T'áaw, a kudu t'aag̱uu, garkuwar jan ƙarfe ce mai ƙashin baya a siffar T. Ba ta yaƙi ba ce, dukiya ce mai sunan kanta, darajarta na ƙaruwa duk lokacin da ta sauya hannu a 'wáahlal, babban bikin gina gida da rabon dukiya. A wurin ne ake ganin níijaangw, fuskar sassaƙa ta rawa, wadda sunanta ya fito daga aikatau mai ma'anar kwaikwayo. Da gáwjaaw, ganga. Da naaxiin, mayafin sarauta na gashin akuyar dutse da ɓawon al'ul. Babu akuyar dutse a Haida Gwaii, don haka gashin da ƙahon da ake yin cokali, sdláagwaal, duk ta hanyar ciniki suke zuwa.

Siffar abu a cikin aikatau

Sanin sunan abu bai isa a yi magana a kansa ba. Aikatau da ƙidaya suna ɗaukar ɗafa-goshi da ke nuna siffar abin: sḵ'a- na dogon abu kamar sanda, tl'a- na siriri mai faɗi, ḵ'íi- na dunƙulalle mai nauyi. Saiwar da ke miƙe da wadda aka naɗe ba lalle su ɗauki ɗafi ɗaya ba. Akwai kuma wani rukunin da ke faɗin yadda aka yi aikin, da hannu ne, da haƙori ko da wuƙa. Wannan sashe ne ya fi wahalar da masu koyo, shi ne kuma jerin kalmomi zalla ba ya iya riƙewa. Saboda haka ƙamus ɗin John Enrico na 2005 da na Jordan Lachler na 2010 suke kawo kalma tare da yadda take aiki a jimla, kuma dattawan shirin koyar da harshe na Skidegate, da aka kafa a 1998, suka duƙufa ɗaukar muryoyinsu.