Shanyewar ɓarin jiki a ƙasar Sin: me bincike ya gano, kuma ina ya shafe mu?

Likitan da ke duba mai shanyewar ɓarin jiki a yau, ko a Landan yake ko a Kano, da wuya ya gama rubuta magani bai bi wata ƙa'ida da aka fara gwadawa a asibitocin ƙasar Sin ba. Shekaru talatin da suka wuce ba haka abin yake ba, domin a wancan lokaci Sinawa kan ɗauko sakamakon binciken Turawa ne su ɗora wa marasa lafiyarsu.

Me ya sa ƙasar Sin ta duƙufa a kan wannan ciwo haka?

Saboda shi ne kan gaba wajen kashe mutanenta. A yawancin ƙasashen Turai da Amurka ciwon zuciya ne ke gaba, amma a Sin shanyewar ɓarin jiki ta sha gabansa. Wani babban bincike da aka yi a 2013, wanda aka bi mutane 480,687 a faɗin ƙasar, ya ƙiyasta cewa kowace shekara mutum miliyan 2.4 ke kamuwa, miliyan 1.1 na mutuwa, wasu miliyan 11 kuma suna raye da abin da ciwon ya bar musu. Binciken ya nuna abin ya fi tsanani a arewa maso gabas da tsakiyar ƙasar, ya fi sauƙi a kudu, kuma mutanen karkara sun fi na birni shan wahalarsa.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Manya wajen miliyan 245 ke da hawan jini, kuma waɗanda jininsu ya sauka yadda ake so ba su wuce kashi 15 cikin ɗari ba. Kusan rabin mazan ƙasar na shan taba. Gishirin da mutum ɗaya ke ci a rana ya ninka giram 5 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. Ga kuma yawan tsofaffi da ke ta ƙaruwa.

Ba ciwo ɗaya ba ne ko'ina? Me ya bambanta na Sinawa?

Sunan ɗaya ne, amma hanya biyu ciwon ke zuwa. Ko dai jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta toshe, sashen da take shayarwa ya mutu, ko kuma ta fashe jini ya malale cikin ƙwaƙwalwa. Kamar bututun famfo ne: ko ya toshe ko ya fashe, ruwa ba zai isa gida ba, amma gyaran ba iri ɗaya ba ne.

A Sin, kusan kashi 70 cikin ɗari na sababbin masu kamuwa toshewa ce, kusan kashi 24 kuma fashewa ce cikin naman ƙwaƙwalwa. Wannan kaso na fashewa ya fi na Turawa nesa ba kusa ba, kuma ita ce ta fi saurin kisa.

Bambanci na biyu ya fi ɗaukar hankalin likitoci. A jikin Turawa, kitsen da ke ƙuntata jijiya ya fi taruwa a manyan jijiyoyin wuya, inda likitan tiyata zai iya buɗewa ya kankare. A jikin Sinawa kuwa, can cikin ƙoƙon kai yake taruwa. Binciken CICAS da aka buga a 2014 ya duba marasa lafiya 2,864, ya tarar kashi 46.6 cikin ɗari na da irin wannan ƙuntatawa ta cikin kai. A cikin Turawa kusan mutum ɗaya cikin goma ne. Don haka littafin da aka rubuta bisa jikin mutumin Boston ba lallai ya yi daidai da manomin Liaoning ba, kuma sai da Sinawa suka fara ƙirga nasu marasa lafiya sannan girman giɓin ya fito.

Wane bincike ne ya fi canza yadda ake magani?

Na farko da ya yi suna shi ne CAST, a 1997. An ɗauki mutum 21,106 a asibitoci 413, aka ba rabinsu asfirin cikin sa'o'i 48 da kamuwa, sauran aka ba su ƙwayar da ba magani a ciki. Mace-mace cikin makonni huɗu sun zama kashi 3.3 a masu asfirin, 3.9 a sauran. Bambancin ƙarami ne, amma idan ana maganar miliyoyin mutane da magani mai arha haka, rayuka ne da yawa.

Wanda ya fi girgiza fagen shi ne CHANCE, ƙarƙashin Farfesa Wang Yongjun na asibitin Tiantan da ke Beijing, a 2013. Akwai mutanen da ciwon ke taɓawa sama-sama: baki ya ɗan karkace, hannu ya yi nauyi, wani lokaci ma cikin mintuna komai ya koma daidai. Irin waɗannan suna cikin haɗari ƙwarai a kwanakin farko, domin sau da yawa babban na biye. Kafin CHANCE likitoci na ɗari-ɗari da haɗa magungunan hana daskarewar jini guda biyu, saboda gwaje-gwajen baya sun nuna haɗin na jawo zubar jini. Dabarar Wang da abokan aikinsa ita ce a fara da wuri a kuma tsaya da wuri. Suka ɗauki mutum 5,170 a asibitoci 114, aka fara ba su magani cikin sa'o'i 24: rabinsu asfirin da kilofidogirel tare na kwana 21 kacal, sannan a ci gaba da guda ɗaya, sauran kuma asfirin kaɗai. Cikin kwana 90, kashi 8.2 na masu haɗin ne ciwon ya sake kamawa, a masu asfirin kaɗai kuwa kashi 11.7, kuma zubar jini mai tsanani bai ƙaru ba.

Da farko wasu likitocin Yamma sun ce ai wannan na Sinawa ne, ba lallai ya yi aiki a kan kowa ba. Sai binciken POINT da Amurka ta jagoranta ya fito a 2018 da sakamako mai kama da shi. Yanzu haɗin kwana 21 ya shiga ƙa'idojin jinya na ƙasashe da dama.

An ce kilofidogirel ba ya yi wa wasu Sinawa aiki. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma al'amari ne na gado. Kilofidogirel ba ya aiki sai hanta ta sarrafa shi, kuma wata ƙwayar gado mai suna CYP2C19 ce ke tafiyar da wannan aiki. Kusan kashi 60 cikin ɗari na mutanen gabashin Asiya suna ɗauke da nau'inta mai rauni, Turawa kuwa kusan kashi 30. Da aka koma aka duba jinin mahalarta CHANCE, sai aka ga amfanin maganin ya taru ne a wajen waɗanda ƙwayar gadonsu lafiya lau take.

Daga nan aka shirya CHANCE-2, aka buga shi a 2021. An riƙa yi wa marasa lafiya gwajin gado na gaggawa, aka zaɓi 6,412 masu nau'in mai rauni, aka ba rabinsu wani magani mai suna tikagirelo, wanda ba ya jiran hanta, sauran kuma kilofidogirel. Ciwon ya dawo wa kashi 6.0 na masu tikagirelo, a masu kilofidogirel kuwa 7.6. Ribar ba ta kai ta CHANCE ta farko ba, kuma ƙananan zubar jini irin na haɓo da dasashi sun ƙaru.

Ina maganar gishiri?

A ganina wannan ne binciken da ya fi kowanne daraja, duk da cewa babu na'ura ko sabon magani a cikinsa. A ƙauyukan arewacin Sin yawancin gishirin da ake ci uwar gida ce ke zuba shi a tukunya da hannunta, ko a kayan lambun da ake jiƙawa da gishiri don ajiyar hunturu. Masu bincike na cibiyar binciken lafiya ta George da ke Ostareliya da takwarorinsu na Sin suka zaɓi ƙauyuka 600 a larduna biyar: Hebei, Liaoning, Ningxia, Shanxi da Shaanxi. Rabin ƙauyukan aka riƙa ba su wani gishiri da aka cakuɗa, kashi 75 gishirin da aka sani, kashi 25 gishirin fotashiyam. Sauran suka ci gaba da nasu. Mahalarta 20,995 ne, ko dai waɗanda ciwon ya taɓa kamawa, ko kuma 'yan shekara 60 zuwa sama masu hawan jini.

Bayan kusan shekara biyar, a 2021, shanyewar jiki ta ragu da kashi 14 cikin ɗari a ƙauyukan sabon gishiri, mace-mace kuma da kashi 12. Ba a ce kowa ya daina cin abin da ya saba ba, ledar gishiri kawai aka canza.

Abu biyu za a kiyaye. Ba a saka masu ciwon ƙoda mai tsanani a binciken ba, domin fotashiyam kan taru a jininsu har ya tsayar da zuciya. Sannan kada wani ya ɗauka kanwa ce ake nufi. Mafi yawan abin da ke cikin kanwa sodiyam ne, wato ainihin sinadarin da ake gudu.

Akwai wasu hanyoyin rigakafi da aka gwada?

A binciken CSPPT da aka buga a 2015, an ɗauki mutum 20,702 a lardunan Jiangsu da Anhui, aka ƙara wa rabinsu folik asid, wani nau'in bitamin, a kan maganin hawan jini. Kamuwar farko ta sauka daga kashi 3.4 zuwa 2.7. Gwaje-gwaje irinsa a Amurka ba su nuna wani abin kirki ba, kuma bayanin da aka fi yarda da shi shi ne, tun 1998 ake zuba folik asid a fulawar Amurka, alhali a Sin ba a tilasta hakan ba.

Wanda ya fi wannan armashi shi ne aikin da aka yi a ƙauyuka 326 da mutum 33,995. A rabin ƙauyukan an horar da ma'aikatan lafiya na ƙauye, waɗanda ba cikakkun likitoci ba ne, aka ba su tsari a rubuce na yadda za su fara magani da yadda za su ƙara shi har jini ya sauka ƙasa da 130/80, tare da magani kyauta ko mai rangwame da na'urar awo a gida. Cikin shekara uku shanyewar jiki ta ragu da kusan kashi ɗaya bisa uku idan aka kwatanta da sauran ƙauyukan. 

Tiyata da na'urori fa?

Sakamakon ya rabu. Tunda jijiyoyin cikin kai ne matsalar, an yi fatan saka ɗan ragar ƙarfe ya buɗe su zai taimaka, amma binciken CASSISS na 2022 bai ga ya fi magani kaɗai ba. A shekarar kuma, ATTENTION da BAOCHE sun nuna cewa zura siririn bututu ta jijiya a zaro gudan jinin da ya toshe babbar jijiyar ƙeya na ceto mutane daga mutuwa da naƙasa, tambayar da aka daɗe ba a samu amsarta ba.

Maganin gargajiyar Sin yana aiki?

Ana amfani da shi sosai a asibitocinsu, har da allurar tsira jiki. Matsalar ita ce yawancin gwaje-gwajen da ke yabonsa ƙanana ne, kuma kusan duka sakamako mai daɗi suke bayarwa, abin da ya isa ya sa mutum ya yi shakka. Da aka yi wa wani sanannen haɗin ganyayyaki gwaji mai tsauri a binciken CHAIN na 2024, da masu fashewar jijiya fiye da 1,600, bai fi ruwan da aka yi kama da shi ba. Abin yabo a nan shi ne likitocin Sin ne da kansu suka yi gwajin suka kuma buga sakamakon.

To za a iya amincewa da binciken da ke fitowa daga Sin?

Ba duka ba. A 2015 hukumar kula da magungunan ƙasar ta umarci kamfanoni su sake duba bayanan gwaji na takardun neman izini 1,622, kuma mafi yawansu janye su aka yi ko aka ƙi su. Amma manyan binciken da aka ambata a nan an yi musu rajista tun kafin a fara, an raba mahalarta ta hanyar ƙuri'a, sun fito a mujallu irin su Lancet da JAMA, wasu kuma an maimaita su a wasu ƙasashe. Wannan ne ma'aunin, ba sunan ƙasa ba.

Ina wannan ya shafi mai karatu a Kano ko Maraɗi ko Kumasi?

Ta wani ɓangaren mun fi kama da Sinawa a kan Turawa. Binciken SIREN da Farfesa Mayowa Owolabi ya jagoranta a Najeriya da Ghana, wanda asibitocin Kano da Zariya na cikinsa, ya tarar a 2018 cewa kusan kashi ɗaya bisa uku na masu ciwon fashewar jijiya ce, kuma hawan jini na da hannu a kusan tara cikin goma. Haka kuma binciken INTERACT3 na 2023, wanda yawancin mahalartansa 7,036 Sinawa ne, ya haɗa da asibitocin Najeriya. Ya nuna cewa idan aka yi gaggawar saukar da jini, aka daidaita sukari, aka kashe zazzaɓi a sa'o'in farko, masu fashewar jijiya sun fi farfaɗowa. Duk abubuwa ne da asibitin gwamnati zai iya yi.

Ba komai ne zai kwafu kai tsaye ba. Gishirinmu da yawa a dunƙulen miya yake, ba a leda kaɗai ba, kuma alƙaluman gado na Sinawa ba namu ba ne. Sannan a kiyaye da asfirin: a CAST da CHANCE masu toshewa aka ba shi. Mai fashewar jijiya idan aka ɗura masa asfirin a gida, zubar jinin na iya ƙaruwa, kuma ba a rarrabe biyun da ido, sai da hoton ƙwaƙwalwa. Idan baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, a nufi asibitin da ke da na'urar hoton, a kuma riƙe lokacin da abin ya fara, domin allurar narkar da gudan jini galibi cikin sa'o'i huɗu da rabi ake yin ta.