Pat Riley, kocin ƙwallon kwando da ya koma shugaban kulob

Patrick James Riley, wanda duniya ta fi sani da Pat Riley, ɗan Amurka ne da ya buga ƙwallon kwando, ya yi aikin koci, sannan tun 1995 shi ne shugaban kulob ɗin Miami Heat a gasar NBA. An haife shi ran 20 ga Maris 1945 a garin Rome na jihar New York, amma a Schenectady ya tashi. A NBA duk wanda kulob ɗinsa ya ɗauki kofi zobe ake ba shi, to shi Riley zobe tara gare shi: ɗaya yana ɗan wasa, ɗaya yana mataimakin koci, biyar yana babban koci, biyu kuma yana zaune a ofis a matsayin shugaba. Samarinmu na Nima da Mamobi da ke raba dare a bes suna shan ataya don kallon fainal, tunda sai sha biyun dare ta wuce a agogon Accra ake farawa, yawancinsu dattijon nan mai kwat da gashi a kwance baya kawai suka sani, wanda kyamara ke haskowa yana zaune shiru cikin 'yan kallo. Amma kafin ya koma wannan kujerar ya yi shekara ashirin da wani abu a bakin fili yana wa 'yan wasa tsawa.

Lokacin da yake wasa

A jami'ar Kentucky ya yi suna, ƙarƙashin koci Adolph Rupp, kuma yana cikin waɗanda Texas Western ta doke a fainal ɗin jami'o'i na 1966, wasan da ake tunawa har yau saboda Texas Western da baƙaƙen fata biyar ta fara, abin da ba a taɓa gani a fainal ɗin ba. A 1967 San Diego Rockets ta ɗauke shi, daga nan ya koma Los Angeles Lakers a 1970. Gaskiya ba tauraro ba ne, daga benci yake shigowa, amma yana cikin Lakers ɗin 1972 da suka ci wasa 33 a jere suka ɗauki kofi. Ya ajiye wasa a 1976 yana Phoenix Suns, ya koma sharhin wasannin Lakers a gidan rediyo da talabijin.

Lakers da Knicks

Shigarsa aikin koci ƙaddara ce kawai. A 1979 kocin Lakers Jack McKinney ya faɗi a keke ya ji mummunan ciwo, mataimakinsa Paul Westhead ya hau kujerar, shi ne ya ɗauko Riley daga wajen sharhi ya sa shi mataimaki, suka ci kofin 1980 tare. Watan Nuwamba 1981 mai kulob ɗin Jerry Buss ya sallami Westhead bayan saɓaninsa da tauraron ɗan wasan kulob ɗin, Magic Johnson, ya fito fili, aikin ya faɗo kan Riley.

Abin da ya biyo baya shi ake kira Showtime. Yana da Magic, yana da Kareem Abdul-Jabbar, daga baya James Worthy ya zo, sai ya sake musu linzami, da sun ƙwace ƙwallo sai gudu kafin abokan karawa su gama juyowa. Kofi huɗu suka ɗauka da wannan salon, 1982, 1985, 1987 da 1988. Na 1985 ya fi musu daɗi don shi ne karon farko da Lakers ta doke Boston Celtics a fainal bayan shekaru tana shan kashi a hannunta. Da suka ci na 1987 kuma Riley ya fito gaban jama'a ya ce ya yi alkawari baɗi ma su ne, alhali tun Celtics ɗin 1969 babu kulob ɗin da ya maimaita, kuma suka cika alkawarin a kan Detroit Pistons, sai da aka kai wasa na bakwai, wanda shi ne na ƙarshe da ake iya bugawa a fainal. A 1990 aka ba shi kyautar gwarzon koci, a shekarar kuma ya bar Lakers bayan Phoenix ta fitar da su.

Masu cewa ai kowa aka ba Magic da Kareem zai ci kofi, New York ce amsarsu. Da ya karɓi Knicks a 1991 bai tarar da masu gudu da ƙwalisa ba, ƙarti ya tarar, Patrick Ewing da Charles Oakley da John Starks, ga Anthony Mason, sai ya ajiye salon Lakers gaba ɗaya ya gina kulob mai tsaron baya da ƙarfin tuwo, wanda duk ɗan wasan da ya kuskura ya shigo ƙarƙashin kwandonsu sai jikinsa ya gaya masa. Wannan a wurina shi ne babbar shaidar gwanintarsa, mutum ɗaya ya ci nasara da salo biyu da ba su haɗa hanya ba, don ya duba mutanen da ke hannunsa kafin ya duba abin da ransa ke so. Ya sake cin gwarzon koci a 1993, ya kai su fainal a 1994, inda Houston Rockets ta Hakeem Olajuwon, ɗan Legas, ta doke su a wasa na bakwai.

Tafiyarsa daga New York ba ta yi kyau ba. Ta faks ya aiko da takardar ajiye aiki a watan Yuni 1995, kuma sai da Miami ta biya Knicks dala miliyan 1 haɗe da damar ɗaukar ɗan wasa a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa da NBA ke yi duk shekara, saboda zargin ta zawarce shi yana da sauran kwantiragi.

Miami: koci kuma shugaba

Abin da Micky Arison mai kulob ɗin Heat ya ba shi wanda New York ba ta ba shi ba shi ne iko. Shi ne koci, shi ne shugaba, shi ke cewa a sayo wane a sayar da wane. Nan da nan ya kawo Alonzo Mourning a 1995 da Tim Hardaway a 1996, kulob ɗin da ba a lissafi da shi ya ci wasa 61 a kakar 1996-97, Riley ya karɓi gwarzon koci karo na uku, kowanne a kulob daban, kuma shi ne ya fara yin hakan.

A 2003 ya zaɓi Dwyane Wade a lamba ta biyar, ya sauka daga aikin koci ya miƙa wa Stan Van Gundy, a 2004 kuma ya ɗauko Shaquille O'Neal daga Lakers. Sai dai a Disamba 2005 Van Gundy ya ajiye aiki yana cewa zai kula da iyali, Riley ya dawo bakin fili, kuma har yau akwai masu ganin ture shi aka yi. Ko ma mene ne, a 2006 Miami ta ci kofinta na farko, Dallas Mavericks ta cinye su wasa biyu na farko su kuma suka cinye huɗu a jere. Kakar 2007-08 ta zo da muni, wasa 15 kacal suka ci suka faɗi 67, daga nan ya ajiye aikin koci kwata-kwata da nasara 1,210 a wasannin kaka. A shekarar 2008 ɗin aka sa shi a Naismith Hall of Fame, zauren da ake karrama manyan ƙwallon kwando.

Wanda ya ɗora a kujerar shi ne Erik Spoelstra, yaron da ya shigo kulob ɗin a 1995 yana aikin tsara kaset ɗin bidiyo na wasanni, bai taɓa buga NBA ba. Nan ne aikin shugabancin Riley ya fi burge ni. A 2010 ya yi abin da ya girgiza gasar, ya share 'yan wasa da yawa don ya samu sarari a ƙarƙashin iyakar albashin da NBA ke sa wa kowane kulob, ya riƙe Wade, ya kawo LeBron James da Chris Bosh a lokaci ɗaya. Da aka fara kaka suka ci 9 suka faɗi 8 a wasa 17 na farko, jaridu suka cika da maganar cewa taurarin ba su gamsu da ƙaramin kocin ba, kowa na jiran Riley ya cire kwat ya sauko kamar 2005, amma bai sauko ba, ya tsaya bayan yaronsa ko da Dallas ta doke su a fainal ɗin 2011. Mu da muka saba ganin kulob-kulob ɗin ƙwallon ƙafa na nan Gana suna korar koci da an faɗi wasa uku, mun san ba ƙaramin abu ba ne shugaba ya toshe kunne haka. Sakamakon shi ne fainal huɗu a jere, kofi biyu, 2012 a kan Oklahoma City Thunder da 2013 a kan San Antonio Spurs. Kyautar gwarzon shugaban kulob ta 2011 shi da Gar Forman na Chicago Bulls suka raba.

Taurin kan nasa yana da tsada kuma. LeBron ya koma Cleveland a 2014, sai a 2016 Wade, wanda duk Miami babu kamarsa, ya tafi Chicago bayan an kasa daidaitawa a kan kuɗi, abin da ya yi wa magoya baya ciwo sosai ko da yake ya dawo a 2018.

Bayan taurari sun watse bai yarda kulob ya kwanta ya yi ta faɗuwa da gangan don samun lamba ta gaba-gaba a zaɓen sababbin 'yan wasa ba, yadda wasu ke yi. Ya ɗauki Bam Adebayo, wanda babansa ɗan Najeriya ne, a lamba ta 14 a 2017, ya kawo Jimmy Butler a 2019, sannan Miami ta yi suna wajen tsinto yaran da babu kulob ɗin da ya zaɓe su ta horar da su su zama mutane, irin su Gabe Vincent mai buga wa Najeriya. Da irin waɗannan suka kai fainal a 2020 Lakers ta doke su, suka sake kaiwa a 2023 daga matsayi na takwas a yankin Gabas, Denver Nuggets ta doke su. A Oktoba 2024 aka sa wa filin wasan Heat da ke Kaseya Center sunansa, a Fabrairu 2025 kuma kulob ɗin ya miƙa Butler ga Golden State Warriors bayan doguwar rigima a kan sabon kwantiragi.